Zaman Shiru a Gindin Tsamiya

Shekaranjiya ina zaune a bakin ofis na ji ɗaya daga cikinku, ku matasan malaman makarantar nan, ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa, yana cewa aikin da na shafe shekara talatin da ɗoriya ina yi ai ba aiki ba ne. Wai karɓar sababbin iyaye kujera ce da biro: uba ya zo, ka tambayi sunan ɗansa, ka rubuta, ka ce Allah ya raya. Ban tanka ba, don haƙoran da zan yi musu da su sun zube. Amma tunda hedimasta ya ce in rubuta muku abin da na sani kafin in ajiye rajista, to ga shi. Sai dai in gaya muku tun yanzu, rabin abin da na gani a wannan aiki har yau ban gane kansa ba.

Makarantar nan ba gwamnati ce ta gina ta ba. Kakanninku ne suka kwaɓa ƙasa, suka yi tubali, suka ɗora azara da gayya, bayan an gama roron gyaɗa. Wanda ya kawo shawarar wani baƙo ne ɗan ƙasar Kenya, baƙar fata irinmu, da ya zo tare da masu haƙa rijiya. Su suka gama suka tafi, shi ya zauna. Kirista ne, amma na wata ɗariƙa da ban taɓa jin labarinta ba, ana ce musu Kwaika, su kuma suna kiran junansu Abokai. Shi dai yadda muka ga yana ibadarsa, zama yake ya yi shiru. Sunansa na gaskiya ya yi wa harshenmu nauyi, sai gari ya sa masa Malam Shiru, shi ma ya karɓa. Bai taɓa kiran kowa zuwa addininsa ba. Azahar na yi shi ke buga ƙarfe ya kora yara alwala.

Sharaɗin da ya kafa kafin ya yarda ya koyar shi ne makarantar ta zama ta gidaje, ba ta yara kaɗai ba. Ba a ɗaukar yaro sai an karɓi gidansu. Ranar karɓar kuwa kowa ya zo gindin tsamiyar nan da kuke ajiye baburanku, a zauna a tabarma, ba kujera ko ta dagaci. A rajista ba a rubuta Alhaji, ba a rubuta ɗan wane, suna da sunan uba kawai. Bulala ba ta shiga aji. In za a yanke magana ba a ɗaga hannu a ƙirga, sai a yi ta zama har a rasa mai cewa zuciyarsa ba ta kwanta ba, ko da mutum ɗaya ne. Duk wannan mutane sun haɗiye, da guna-guni ko ba da shi ba. Abin da ya tsaya wa kowa a wuya shi ne shirun. Kafin a fara kowace magana sai an zauna tsit, wani lokaci gwargwadon dahuwar shayi, wani lokaci har inuwa ta gusa, ba raɗa, ba gaisuwa, sai wanda ya ji lalle yana da abin faɗa ya faɗa, a koma shiru.

Liman da kansa ya zo ya zauna sau biyu, ya ga ko akwai wani abu a ƙarƙashin abin. Da aka tashi a zama na biyu ya kaɗe rigarsa ya ce, "Ni dai ban ga an yi wa kowa sujada ba, ban ji an kira sunan kowa ba. Mutum ya rufe bakinsa ai ba a hana ba. Da ma 'yan kasuwarmu za su koya." Daga nan yake zuwa da carbinsa, yana jan abinsa a hankali.

Ni na shigo aikin ne ina saurayi, na gama firamare a Ɗanbatta na dawo gida ina taya babana noma. Malam Shiru ya ɗauke ni saboda rubutuna yana karantuwa, kuma ba gidan da ban san ƙofarsa ba. Aikina na farko, ya aike ni wata unguwa ta hanyar Kunci in gayyato wani magidanci mai 'ya'ya huɗu. Na sa rigata ta sallah, na ɗaure rajista a bayan keke, na je na yi sallama, na buɗe ta a zaure tun kafin a kawo mini ruwa. Na ce, "Baba, yara nawa ne a gidan?" Mutumin ya dubi littafin, ya dube ni, ya ce shi Allah bai ba shi haihuwa ba. Ga kukan jariri ina ji a cikin gida, ga 'yan takalma a bakin ƙofa. Na dawo na gaya wa Malam Shiru cewa an ba mu labarin ƙarya, mutumin ba shi da ɗa. Ya yi dariya har da tari, da Hausarsa mai karyewa ya ce, "Sabo, kai ka je wurin mutum, ko littafi ya je?" Washegari ya bi ni. Muka sha ruwa, muka zaga gonar mutumin, aka yi maganar gwazarma da ta ci masa gyaɗa, ba a ambaci makaranta ba har muka tashi. A zuwa na uku shi da kansa ya fito da yaran ya jera su.

Kayan aikin ba su da yawa. Rajista mai baƙin bango, wadda ba ta fita daga jaka sai a gindin tsamiya. Alƙalamin tawada, da nake soke shi a bayan kunne. Tabarmin kaba, waɗanda sai an kaɗe su an shanya tun jajibiri saboda kunama. Randa da moɗa, don baƙon da ya yi tafiya bai kamata ya nemi ruwa da bakinsa ba. Sai ƙarfen tayar mota da aka rataye a reshe, shi ne ƙararrawarmu. Takardar haihuwa kuwa babu mai ita a lokacin. Yaro zai ɗora hannunsa ta saman kai, in ya taɓa kunnen ɗaya gefen ya isa shiga aji, in bai taɓa ba sai baɗi. Na ga uwar da ta kwana bakwai tana ja wa ɗanta hannu a gida kamar mai miƙar da igiya.

Shimfiɗar ma da tsarinta. Maza su yi da'ira, tsofaffin mata su zauna daga gefen randa, a bar tabarma ɗaya sabuwa a tsakiya kusa da liman. Wannan ta baƙin da za a karɓa ce. Ku riƙe wannan, zan dawo kanta.

Amma babban aikin, wanda ba ya cikin jaka, shi ne ka tari baƙo tun a gidansa ka gaya masa abin da zai tarar. Bahaushe bai san a shiga taro a ƙi gaisawa ba. In ba ka shirya shi ba sai a yi abin kunya. Wata tsohuwa ta taɓa ɗauka fushi ake yi da ita don ta makara, ta bi mutum talatin ɗaya bayan ɗaya tana durƙusawa tana ba da haƙuri. Wani mahauci ya zauna ya ji iska, sai minsharinsa muka ji. Matsalata ita ce ni kaina ban san abin da zan ce musu ba. Wata shekara in ce ana tunani ne, wata shekara in ce ana barin zuciya ta huce, wata in ce haka dai muka tarar. Na taɓa tsare Malam Shiru na ce, "Don Allah, Malam, me muke jira in mun yi shirun nan?"

Ya ce, "In ya zo za ka sani."

"In bai zo ba fa?"

"To mun huta."

Da irin wannan amsa nake hawa keke in je in wayar wa manoma kai.

Sai shekarar fari ta zo. Ruwa ya sauka sau uku ya ɗauke, gero ya bushe a tsaye bai fitar da kai ba, dawa ko gwiwa ba ta kai ba. Mu nan gona jikin gona ce, ba dajin da za a shiga a nemi wani abu, kowa abin da ke rumbunsa shi ne nasa. Makaranta ma tana da rumbunta, don duk kaka kowane gida na kawo dami, da shi ake dama wa yara kunu da hantsi. A wannan shekara kunun nan shi ne abincin da wasu yara ke gani har rana ta faɗi. Ana cikin haka mutane suka fara gangarowa daga arewa, da jakuna, da ƙwarya, wasu da ƙafa kawai. Gida bakwai suka sauka a tsohuwar rumfar awon gyaɗa da ke bayan kasuwa.

Ƙa'idar aikina ita ce duk wanda ya kwana a garin nan da yaro, a je a gayyace shi. Ban yi shawara da kowa ba, don ban ga abin shawara ba. Ranar Laraba na je rumfar, na gaisa da magidantan, na ce su zo gindin tsamiya ranar Asabar da hantsi, kafin ranar zan dawo in yi musu bayanin yadda muke zama. A can ƙurya na tarar da wani dogon mutum shi kaɗai da 'yarsa, yana ɗinke tsohon buhu. Sunansa Jibo, yarinyar Rakiya. Na tambaye shi ina uwar gida, bai amsa ba, ni kuma na ɗauka bai ji ba ne, don Hausarsu ta ɗan bambanta da tamu.

Washegari Alhaji Nasidi ya aiko a kira ni. Dillalin gyaɗa ne, kuma gaskiya rabin abin da ke rumbun makaranta daga gonarsa ya fito. Bai bari na gama gaisuwa ba.

"Malam Sabo, wa ya aike ka rumfar nan?"

Na ce, "Alhaji, ai aikina ne."

"Ka leƙa rumbun kuwa? Je ka leƙa. Abin da ke ciki ko yaranmu ba zai kai damina ba. Ni ba mugu ba ne, wallahi, amma ranar Asabar zan tashi in ce zuciyata ba ta kwanta ba. Ai haka dokar taku ta ce, ko? Mutum ɗaya ya isa."

Na je na leƙa rumbun. Gaskiyarsa ce, sai da na zura kai da kafaɗa kafin na hango zangarniya. Ka ga inda na tsaya ke nan. Makaranta ta ce in gayyato kowa, na gayyato. Makarantar ta kuma ce mutum ɗaya na iya tsayar da magana, ga mutum ɗayan ya samu. Duka biyun koyarwar Malam Shiru ce, kuma ranar Asabar za su yi karo a kan mutanen da ni na kira da bakina. Na je wurinsa na zayyana masa, ya saurara, ya ce, "Za mu zauna." Ni kuwa a ranar har haushinsa na ji.

Sau biyu na hau keke zan koma rumfar. Na farko da niyyar in ce kada su zo, na biyu da niyyar in yi musu bayanin shirun kamar yadda na yi alkawari. Duka biyun ina hango rufin rumfar sai in juya. In na yi bayanin zama, na ƙara jawo su ga wulaƙanci. In na ce kada su zo, na kore su da kaina. Sai na zaɓi abin da matsoraci ke zaɓa, ban yi ko ɗaya ba. Ashe sauran magidantan sun ji ƙishin-ƙishin a bakin rijiya, sun yanke shawarar ba za su zo ba. Jibo ne kaɗai bai ji ba, saboda ba ya zama cikin mutane.

Ranar Asabar gindin tsamiya ya cika fiye da kullum, don kowa ya san za a yi ta. Na ga tabarmar tsakiya ba kowa, na ji sanyi a raina, na ce Allah ya raba ni da kunya. Aka buga ƙarfe, aka yi tsit. Ina zaune a bakin da'ira, rajista a cinyata, alƙalami a kunne. Can sai na hango su tafe ta tsakanin gonaki, shi a gaba, yarinyar riƙe da gefen rigarsa.

Yanzu ku tsaya ku dubi abin da mutumin nan ya gani. Dattawa zaune a tabarmi a ƙarƙashin bishiya da hantsi, takalma jere a gefe, kowa ya sunkuyar da kai, liman na jan carbi, tsofaffin mata sun yi tagumi, ba mai cewa uffan. A ƙasar Hausa wannan abu ɗaya yake nufi. Ni da na shekara goma ina ganinsa, ban taɓa lura ba sai a ranar.

Ya cire takalmansa tun daga nesa. Ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam, wa aka rasa?"

Ba a raɗa a cikin shiru, wannan ita ce dokar da na fi kowa tsarewa. Kaina ya ɗaure. So nake in ce masa ba kowa, kai muke jira, je ka zauna can. Sai na yi da hannu. Na girgiza kai, na dafa kafaɗarsa, na nuna masa tabarmar tsakiya kusa da liman. To a zaman makoki wa ake dafa wa kafaɗa a zaunar kusa da liman? Ya dubi hannuna, ya dubi tabarmar, ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya miƙe ya ja 'yarsa, suka je suka zauna.

Shirun ranar ya fi kowane tsawo. Ina ganin Alhaji Nasidi yana gyara babbar rigarsa, ya yi gyaran murya, ya dafa ƙasa zai tashi. Sai muryar Jibo ta riga shi, yana zaune, kansa a ƙasa.

"Jama'a, Allah shi ba ku lada. Sunanta Dije. Uwar yarinyar ga ce. A hanya ta faɗi, ba mu kai ko wani gari ba. Ni da wasu mutum biyu masu wucewa muka yi mata sutura, ban san sunansu ba, sun yi mata salla sun kama hanyarsu. Ba wanda ya zauna. Yau kwana goma sha tara. Ban faɗa wa kowa ba, don kowa da abin da ya baro a hanya. Mace ce mai haƙuri. Ruwan da ya rage a gora ta ce a ba yarinya."

Ni na san ba don haka aka taru ba, kowa a wurin ya sani, an zo ne a ce masa ya tafi da 'yarsa. Ni ya kamata in gyara. Na dubi Malam Shiru ko zai cece ni, ya buɗe ido ya dube ni ya mayar ya rufe.

Liman ne ya ajiye carbinsa, ya ɗaga hannuwa ya ce, "A yi wa Annabi salati." Duk da'irar ta ɗaga hannu. Ya yi mata addu'a da sunanta, doguwa, irin wadda yake yi wa 'yan gari, aka shafa. Daga nan abin ya fita daga hannun makaranta ya koma hannun al'ada. Wani dattijo ya tashi ya je ya tsuguna a gaban Jibo ya ce, "Ya haƙuri?" Jibo ya ce, "Da godiya." Na kusa da shi ya bi, na gaba ya bi. Tsofaffin matan suka janye Rakiya wurinsu, ɗaya ta ɗora ta a cinya. Layi ya zo kan Alhaji Nasidi. Da ma ya riga ya dafa ƙasa zai tashi, sai ya ƙarasa tashin, ya je ya tsuguna da babbar rigarsa a ƙasa, ya ce, "Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta, Allah ya raya abin da ta bari."

Da aka koma aka zazzauna, Malam Shiru ya yi tambayar da yake yi a ƙarshen kowane zama, da muryarsa ta kullum, kamar ba abin da ya faru. Ya ce, "Akwai wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba a rubuta Rakiya?"

Ido ya koma kan Alhaji. Ya daɗe yana murza hularsa. Can ya ɗago ya harare ni ya ce, "Malam Sabo, me kake jira? Tawadar ce ta bushe?"

Na kira yarinyar na ce ta ɗora hannu ta saman kai. Yatsunta suka tsaya, saura kaɗan su taɓa kunnen. Tsohuwar da ta riƙe ta ta ce, "Kai, rubuta mana! Yunwa ce ta rage mata hannu." Na rubuta a gurguje, har yau in kun buɗe tsohuwar rajistar za ku ga layin a karkace. Da la'asar kwanukan tuwo suka nufi rumfar awo daga gidaje, don ba a barin gidan makoki ya hura wuta. Har da kwano daga gidan Alhaji. Asabar ta gaba sauran gida shidan suka zo da yaransu, kuma ba wanda ya iya buɗe baki, tunda an riga an rubuta ɗaya.

Kada ku ɗauka daɗi aka ji. Maganar Alhaji ta tabbata, rumbun ya ƙare saura kusan wata biyu ruwa ya sauka. Kunun ya yi ta tsinkewa har kana ganin gindin moɗa, daga baya aka koma dafa rama da tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli, daga baya aka daina ɗora tukunyar gaba ɗaya. Gidaje uku na 'yan gari suka janye yaransu suka tura su wurin dangi a birni, biyu ba su dawo ba. Ɗaya daga cikin iyayen ya tare ni a kasuwa ya ce na ciyar da baƙi da abincin ɗansa. Har yau ban tabbata ƙarya yake ba.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne sunan da na yi. Alhaji Nasidi ya shekara ba ya amsa gaisuwata da kyau, yana gaya wa mutane ni da liman muka shirya masa tarko. Liman kuwa ya ja ni gefe yana murmushi ya ce, "Kai da Bakenyen nan kun iya dabara." Gari ya ɗauka ni wani gwani ne mai hangen nesa, alhali tsoro ne ya hana ni zuwa rumfa, ruɗewa ce ta sa na dafa kafaɗa. Na je wurin Malam Shiru na ce, "Malam, wannan ne abin da ka ce in ya zo zan sani?"

Ya ce, "Ban sani ba, Sabo. Ni ma rumbun nake tunani." Sannan ya ɗaure fuska, abin da bai cika yi ba. "Amma abu biyu. Kada ka ƙara barin baƙo ya shigo bai san abin da zai tarar ba. Kuma ka je ka gaya wa mutumin nan gaskiya. Ba ma karɓar mutum da kuskure."

Na farkon na riƙe shi har yau, kuma shi nake so ku riƙe. Wanda ya ce aikin kujera ce da biro, ranar Laraba shi zai fara zagayen gidaje, a ƙafa, rajista a cikin jaka. Na biyun kuwa na ce to, na shekara ashirin ban yi ba.

Jibo ya zauna a garin. Aka ba shi aron gona, daga baya ya yi tasa. Rakiya ta gama makaranta, ita ce ungozomar da ta karɓi haihuwar 'ya'yan wasunku. Malam Shiru ya tsufa ya koma ƙasarsu, gwamnati ta karɓi makarantar ta bar mana tsamiyarmu da zamanmu. Duk ranar karɓar baƙi Jibo ke riga ni zuwa, ya kaɗe tabarmi, ya cika randa. In ya ga sabon magidanci yana ɗari-ɗari sai ya kama hannunsa ya ce, "Shiga, kada ka ji komai. Mutanen ga sun zauna mini makoki ba su san ni ba." Duk lokacin da ya faɗi haka sai in ji kamar na saci wani abu na ɓoye a aljihu.

Sai da ƙafa ta hana shi fita na yi ƙarfin hali. Na same shi a zaurensa da yamma yana ɓarar gyaɗa a faifai. Muka gaisa, na sha ruwa, na yi maganar damina har ta ƙare, sannan na ce, "Jibo, akwai abin da na riƙe shekara ashirin. Ranar nan da ka fara zuwa, ba don kai muka zauna ba. Haka muke zama kullum. Ba wanda ya san an yi maka rasuwa. Da ma an taru ne a ce ba za a ɗauki Rakiya ba."

Bai daina ɓarar gyaɗarsa ba. Ya ce, "Amma kun zauna."

"Mun zauna, amma kuskure ne. Ni na ruɗe ka da hannuna."

Ya yi dariya a hankali, ya ture faifan gefe. "Malam Sabo, kai ka taɓa ganin zaman makoki da mutum rungume da rajista, alƙalami a kunne? Tun ban kai tabarmar ba na gane ba mutuwa aka yi ba."

Na ce, "To me ya sa ka yi maganar?"

Ya ce, "Kwana goma sha tara ina yawo da sunanta a bakina. Ko'ina na je kowa magana yake, kowa kukan nasa yake. Nan ne kaɗai na tarar an yi shiru har na samu na faɗe shi."

Na fito na ɗauki kekena, na tura shi har gida ban hau ba.